Filin Kimiyya Da Sana'a: Horon Sabuwar Amfilifaya Mai Ƙwai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Potiskum da abubuwa biyu, watau kasuwar shanu wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da kuma manyan motocin ɗaukar kaya waɗanda ke jere a bakin titi dare da rana. Masu waɗannan sana'o'i biyu kuwa sun yi tarayya a kan magana ɗaya. Manomin da ya sayi ɗan bijimi ba ya ɗaura masa garma ran nan ya ce sai ya gama huɗar gona, sai ya hore shi tukuna. Haka kuma direban da aka yi wa garambawul ɗin inji ba ya labta kaya ya taka wuta, sai ya bi shi sannu a hankali har ringi da silinda su saba da juna. Saboda haka in aka ce wa mutumin Potiskum sabon abu yana bukatar horo, da wuya ya yi gardama.

To, da wannan magana ce aka kusa cin kuɗin wani malamin makaranta mai ritaya a garin. Mutumin mai sha'awar tsofaffin faya-fayai ne, yana da na Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos waɗanda ya adana tun yana samartaka. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya aika Ikko aka sayo masa wata na'ura mai ƙwai huɗu na gilashi a samanta, wadda 'yan kasuwa ke kira firi-am, watau amfilifayar share fage. Aka rubuta masa a jikin rasit cewa in ya ga aibi cikin kwana 14 yana iya mayarwa. Ya jona, ya kunna, ƙwai suka yi ja, amma sai ya ji lasifikar hagu tana wani ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, muryarta kuma ba ta kai ta dama ba. Ya buga wa mai shagon waya. Mai shago ya ce kada ya damu, haka irin wannan na'ura take, sai ta yi awa 300 tana aiki kafin muryarta ta washe.

Malam ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi irin na aji. In ya sami wuta awa 4 a kowace rana, awa 300 kwana 75 ke nan. Wa'adin mayar da kaya kuwa kwana 14 ne. Nan ya ga lissafin bai hau ba, sai ya naɗe na'urar a cikin bargo ya nufi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo wanda ya koyi aiki tun zamanin da kowane akwatin rediyo yake da ƙwai a cikinsa.

Kafin a ji yadda suka ƙare, ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan ƙwai, da abin da horo yake yi masa, da kuma abin da ba zai taɓa yi masa ba.

ASALIN ƘWAN REDIYO

Ƙwan rediyo, wanda tsofaffin masu gyara ke kira bawul, ɗan'uwan ƙwan fitilar lantarki ne, daga gare shi ma ya samo asali. A farkon shekarun 1880 Thomas Edison na Amurka ya lura cewa in aka sa wani ɗan ƙarfe a cikin ƙwan fitila wanda aka zuƙe wa iska, wutar lantarki takan tsallaka daga zaren da ya yi zafi zuwa ƙarfen nan, ba tare da waya ta haɗa su ba. A 1904 wani Bature na Ingila, John Ambrose Fleming, ya mayar da wannan abin mamaki na'urar kama saƙon iska. A 1906 kuma Lee de Forest na Amurka ya ƙara wata 'yar raga ta siririyar waya a tsakanin zaren da ƙarfen. Wannan raga ita ce ta buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya, domin kuwa 'yar wuta kaɗan da aka sa mata tana iya sarrafa wuta mai yawa da ke ratsa ta. Da haka ne raɗa ke komawa magana, magana ta koma shela.

Da irin wannan ƙwai aka yi mafi yawan aikin rediyo na zamanin Turawa a ƙasar nan. Da shi aka buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano a 1944, da shi aka fara jin Sashen Hausa na BBC a watan Maris na 1957, da shi kuma akwatuna da yawa suka kama Rediyon Kaduna sa'ad da ya soma aiki a 1962. Dattawa ba su manta ba yadda akan murɗa makunni a zauna a yi jira, akwati ya yi shiru kamar ba shi da rai, sa'an nan murya ta taso daga nesa. Ko a Rodeshiya ta Arewa, wadda yanzu ake kira Zambiya, rediyon talaka na farko da kamfanin Ever Ready ya fitar a 1949 mai ƙwai ne, an sa shi a cikin gwangwani mai kama da tukunyar miya, ana sayar da shi fam 5 ban da kuɗin batir.

Taransista ce ta zo ta kawar da shi. An ƙirƙiro ta a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka a 1947, a 1954 kuma aka fara sayar da rediyon aljihu mai aiki da ita. Ba ta bukatar zafi, ba ta fashewa, batir huɗu na tocila sun ishe ta. Kafin ƙarshen shekarun 1970 makiyayi yana rataye da rediyonsa a bayan shanu, manyan akwatuna masu ƙwai kuwa sun koma kan kabad suna shan ƙura.

Amma ƙwan bai mutu ba. Makaɗan jita na ƙasashen Turai da Amurka sun ƙi rabuwa da shi, haka kuma wasu masu sha'awar sauraron faifai, domin ɗan gurɓacin da yake sa wa sauti iri ne wanda kunne ba ya ƙyama, har waɗansu kan ce yana ƙara wa murya zaƙi. Sai dai masana'antun da ke ƙera shi sun ragu ƙwarai. Akwai ta JJ Electronic a ƙasar Sulobakiya, da wata a birnin Saratob na Rasha, da waɗansu a ƙasar Sin, da kuma ta Western Electric a Jihar Jojiya ta Amurka. Saboda ƙarancinsu ne ya sa a watan Maris na 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, farashin ƙwai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Abin da ya kai wannan tsada kuwa bai kamata a yi wasa da shi ba.

AIKIN AMFILIFAYAR SHARE FAGE

Ita wannan na'ura ba ita ke kaɗa lasifika ba. Aikinta uku ne: ta zaɓi inda sauti zai fito, ko faifai ko kaset ko rediyo, ta ɗaga shi in ya yi rauni, ta kuma ba mai ita ikon ƙarawa ko ragewa kafin ta miƙa wa babbar amfilifaya. A wajen faifai ne aikinta ya fi nauyi. Wutar da allurar garmaho mai maganaɗisu ke fitarwa ba ta wuce kamar kashi 5 cikin 1,000 na bolt ɗaya ba, alhali babbar amfilifaya tana neman bolt 1 zuwa 2 kafin ta ba da cikakken ƙarfinta. Bugu da ƙari, tun 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka daidaita a kan rage kaurin sauti da ƙara kaifinsa a lokacin yanka faifai, don layukan su samu wuri, sauran ƙasashe kuma suka bi. Amfilifayar share fage ce ke mayar da kowanne gurbinsa. In ba ta yi haka ba, kalangu sai ya fito kamar ana buga gwangwani.

Ƙwan da aka fi sa mata shi ne wanda Amurkawa ke kira 12AX7, Turawan Turai kuma ECC83, wanda kamfanin RCA ya fitar a ƙarshen shekarun 1940. Ƙwai biyu ne a cikin gilashi ɗaya, kowanne yana da ikon ninka sauti har kusan sau 100. A cikinsa akwai zare mai cin bolt 6.3 ko 12.6, wanda ke gasa wani ɗan bututu da ake kira katod har zafinsa ya wuce digiri 700. An shafe bututun nan da wani farin gari na sinadarin bariyom da siturontiyom, wanda in ya yi zafi yakan saki ƙwayoyin lantarki. Su kuma sai su ratsa raga su faɗa kan faranti, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfin bolt 100 zuwa 300. Wannan lamba ta ƙarshe mai karatu ya riƙe ta, za a dawo kanta.

INDA GASKIYA TAKE

Akwai abubuwa uku da mutane ke haɗawa su kira horo, alhali kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne ɗumi na kullum. Ƙwai yakan fara aiki cikin rabin minti ko minti ɗaya da kunnawa, amma sai an yi kamar minti 15 zuwa 30 kafin zafin na'urar ya tsaya wuri ɗaya, wutar da ke cikinta ta daidaita. Wannan gaskiya ne, ana iya auna shi da mita, kuma haka zai kasance kowace rana har na'urar ta tsufa.

Na biyu shi ne zaman sabon ƙwai. A awoyin farko na rayuwarsa garin da ke jikin katod yakan ƙarasa nuna, ragowar iskar da ke maƙale a ƙarafan ciki kuma ta fito, wani shafe mai ƙyalli kamar azurfa da ke saman gilashin ya shanye ta. Saboda haka wutar da ƙwan ke ja takan ɗan motsa a 'yan gomiyoyin awoyin farko, sa'an nan ta zauna. Masana'anta mai mutunci takan yi mafi yawan wannan aiki tun kafin ta sa ƙwan a kwali. Haka nan kwandansa irin mai ruwan sinadari, in ya daɗe a ajiye a sito, fatar da ke cikinsa takan yi rauni, in wuta ta ratsa shi kuma sai ta sake ginuwa, cikin mintoci ko 'yan awoyi. Sabuwar lasifika ita ma robar bakinta takan ɗan saki. Duk waɗannan sauye-sauye ne ƙanana, kuma suna aukuwa da wuri.

Amfanin waɗannan awoyi na farko ma ya fi yawa a wata fuska dabam. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa kayan lantarki sun fi mutuwa a lokaci biyu, watau suna sababbi ƙal, ko kuma bayan sun tsufa. Ƙwan da aka yi kuskure wajen ƙera shi, ko wanda ya sha jijjiga a bayan mota daga Ikko zuwa Yobe, yawanci a makon farko yake tona kansa. Ashe ke nan kwanakin horo kwanakin jarrabawa ne, mai na'ura ne alƙali, kuma dole ya yanke hukunci kafin wa'adin rasit ya cika.

Na uku shi ne horon kunne, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Kunnen ɗan Adam ba ya iya riƙe ainihin kamannin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, balle ya gwada na yau da na watan jiya. Abin da yake yi shi ne sabo. Wanda ya tare a gidan da ke bakin tasha makon farko ba ya barci, bayan wata guda kuwa ko hon ba ya ji. Haka mai sabuwar na'ura, bayan wata biyu zai rantse ta canza murya, alhali shi ne ya saba da ita. Har ila yau, tun 1933 wasu masana biyu na kamfanin Bell, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ya fi jin kaurin sauti in an ƙara ƙarfi. Wanda ya ɗan murɗa maɓalli sama ba da saninsa ba, sai ya ji kiɗa ya cika ɗaki, ya ce horo ne ya yi aiki. Amma cewa wai waya ko makunni suna bukatar ɗaruruwan awoyi kafin su ba da sauti mai kyau, wannan ba abu ne da aka tabbatar da mita ba, ko da gwajin da ake rufe wa mai sauraro ido.

Abin da horo ba zai taɓa yi ba shi ne gyaran aibi. Ƙas-ƙas ba ya warkewa da jira. Gunji mai kauri da ke fita ko ba a sa faifai ba, yawanci daga rashin wayar ƙasa yake, ko daga kusantar taransifoma, ko daga kwandansa maras lafiya. Ƙwan da in an ɗan taɓa teburi sai a ji amonsa a lasifika, kayan cikinsa ne suka yi sako-sako. In kuwa shafen nan mai ƙyalli ya koma fari kamar alli, to iska ta shiga, ƙwan ya mutu, ko shekara aka yi ana kunna shi ba zai tashi ba.

WUTA DA ZAFI DA ƘURA

Littattafan da ke zuwa a cikin kwalin waɗannan na'urori an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi da tsayayyiyar wuta. Mai na'ura a Potiskum, ko Nguru, ko Azare, yana da waɗansu abokan gaba uku da littafin bai san da su ba.

Na farko ita ce wuta. Ma'aunin Nijeriya bolt 230 ne, mai juyi 50 a daƙiƙa. Na Amurka 120 ne, mai juyi 60, na Japan kuwa 100. Kayan gwanjo da yawa daga can suke fitowa, kuma wanda ya jona na'urar 120 a soket ɗin gidansa kai tsaye, kafin ya zauna taransifomarta ta ƙone. A duba rubutun da ke bayan na'ura kafin a taɓa soket. Sa'an nan tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, Jihar Yobe ta faɗa a rabon kamfanin Yola, jama'a sun san wuta takan zo da rauni wani lokaci, wani lokaci kuma ta zo da hauka. Zaren ƙwai mai bolt 6.3 ya fi son a tsare shi tsakanin 6.0 da 6.6. In wuta ta yi yawa sai katod ya ƙone da wuri, in ta yi kaɗan ƙwarai shi ma ba alheri ba ne gare shi. Ƙaramin janareta wanda ba shi da na'urar daidaita wuta ya fi kowa haɗari, domin da zarar an kashe dutsen guga ko firji ya tsaya, wutarsa takan yi tsalle. Saboda haka sitabilaiza wajibi ce, kuma wadda ke daidaita wuta a hankali da ɗan mota a cikinta ta fi mai ƙwas-ƙwas, wadda kowane motsinta sai an ji shi a lasifika. Masu sola kuwa su tabbata inbatarsu mai ba da lafiyayyar wuta ce irin ta gidan wuta, domin mai araha takan sa taransifoma kuka da zafi.

Na biyu shi ne zafi. A watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa, ga kuma ƙwai huɗu kowanne yana hura tasa wutar. Ƙa'idar da masu ƙera kwandansa mai ruwa ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarsa. Don haka kada a kulle na'ura a cikin kabad mai gilashi, kada a ɗora wata a kanta, kada kuma uwargida ta yafa mata ƙyallen ado tana aiki. A bar mata sarari na aƙalla tafin hannu guda a sama da kowane gefe.

Na uku ita ce ƙurar hunturu, wadda ke shiga ramukan da ƙafafun ƙwai ke zama da cikin maɓallin ƙara murya, ta haddasa ƙas-ƙas. Maganinta mayafi, amma sai bayan an kashe na'ura ta huce.

YADDA ZA A BI DA ITA

Wanda ya sayi sabuwa, ga hanya mai sauƙi. Ranar farko ya duba kowane ƙwai ya zauna daram, gilashinsa ba tsaga, shafensa na ƙyalli. Ya mayar da maɓallin murya ƙasa. Ya fara kunna abin da ke ba da sauti, sa'an nan amfilifayar share fage, ya jira minti ɗaya ko biyu, kana ya kunna babbar amfilifaya. In zai kashe kuwa sai ya juya, babbar ita ce ta farko. Dalili shi ne na'ura mai ƙwai takan yi wata irin tunkuɗar wuta a lokacin tashi da lokacin kwanciya, in babbar tana kunne sai ta ninka ta, ta aika wa lasifika, wani lokaci har takardarta ta yage. Saboda wannan dalili ne kuma in aka ɗauke wuta ya kamata a tashi a kashe kome, kada a dawo da ita ta tarar da su a buɗe.

Daga nan sai ya riƙa sauraro awa 2 zuwa 4 a rana, yana zaune a ɗakin, hancinsa da kunnensa a buɗe. Warin ƙuna, ko hayaƙi, ko fis da ke yawan yankewa, duk alamu ne na a zare soket nan take. Ya zaɓi faifai biyu ko uku da ya sani kamar yunwar cikinsa, ɗaya mai kalangu don kauri, ɗaya mai kuntigi don kaifi, ɗaya kuma na magana zalla. Ya yi wa maɓallin murya alama da alli don kullum ya tsaya wuri ɗaya, ya kuma rubuta abin da ya ji a ranar farko, da ta uku, da ta bakwai. Cikin kwana 10 ya tara awa 20 zuwa 40, kuma abin da na'urar za ta zama ta riga ta zama.

Waɗansu kan ba da shawarar a bar na'ura a kunne dare da rana don horo ya yi sauri. Asalin wannan magana yana da tushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani injiniyan gidan waya na Ingila, Tommy Flowers, ya gina na'urar Colossus mai fasa asirin saƙonnin Jamus, wadda samfurinta na biyu a 1944 yake da ƙwai kimanin 2,400, kuma ya dogara ne a kan abin da ya gano cewa ƙwai ya fi daɗewa in ba a yawan kashe shi da kunna shi. Gaskiya ne zare mai sanyi yakan sha wuta da yawa a lokacin kunnawa. Amma Colossus tana da ma'aikata a kanta kowane lokaci, ɗakin malam kuwa ba shi da mai gadi in ya yi barci. Ga kuma lissafi. Ƙwai na musamman irin E88CC an yi masa alkawarin awa 10,000. Mai sauraron awa 3 a rana zai shekara 9 da shi. Wanda ya bar shi dare da rana kuwa, shekara tana da awa 8,760, watau da kaɗan zai wuce shekara ɗaya. Matsakaiciyar hanya ita ce, in za a fita na rabin awa a bar ta, in za a kwanta ko za a bar gida a kashe.

Sai gargaɗi mafi girma. An ambata a baya cewa akwai wuta mai ƙarfin bolt 300 a cikin wannan na'ura, a waɗansu ma ta fi haka. Kwandansa yana iya riƙe wannan wuta bayan an kashe na'ura an zare soket, kuma tana iya kisa. Kada mai gida ya kwance murfi ya sa hannu, kada kuma ya ba yaron da ya saba da gyaran wayar hannu kawai, domin wutar da ya saba da ita ba ta kai bolt 20 ba. A kuma nisanta yara daga gilashin, yana ƙona yatsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A kula kuma da wata dabara ta 'yan kasuwa. Akwai ƙananan na'urori masu araha waɗanda aka sa wa 'yar fitila ja ko shuɗiya a ƙarƙashin ƙwai don ya yi kyan gani. Hasken ƙwai na gaskiya ɗan kaɗan ne, ja-ja kamar garwashin da ya fara toka, kuma ba ya kamawa nan take sai a hankali.

HUKUNCIN DATTIJO

Da malam ya isa rumfar mai gyara, ya kwance bargo, ya ce, "Baba, ga abin da ya hana ni barci. An ce in ba ta wata biyu da rabi." Dattijo ya jona ta a bayan sitabilaizarsa, ya saurara, ya kashe, ya zare soket, ya bari ta huce. Ya duba ya ga a wannan samfuri kowane gefe da nasa ƙwai, abin da ba a kowace na'ura ake samu ba. Sai ya sa ƙyalle ya zare na hagu da na dama a hankali, ba tare da ya buɗe murfi ba, ya musanya musu wuri, ya sake kunnawa. Ƙas-ƙas ya bar lasifikar hagu ya koma ta dama. Ya mayar da su yadda suke, ƙas-ƙas ya dawo hagu.

Dattijo ya ce, "Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau, ƙwai ɗaya ne ya zo da ciwo. Bijimin da bai san garma ba shi ake horarwa. Wanda ya zo da karaya kuwa mayar da shi ake yi tun dillali bai bar kasuwa ba."

A rana ta 6 malam ya sake buga waya, wannan karon da hujja a hannu, ya bayyana gwajin da aka yi, ya kuma karanta wa mai shago abin da ke rubuce a rasit. Mai shago ya ga ba wurin zillewa, ya ba direban motar Maiduguri sababbin ƙwai biyu a cikin auduga. Gyaran bai ɗauki minti 10 ba. Da malam ya bi shawarar farko, da ranar da zai gane gaskiya wa'adi ya wuce da wata biyu, kuɗin ƙwai da na mota duk sun koma wuyansa.

Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan kaya, ko a Alaba ta Ikko ko a Sabon Garin Kano, ya nemi a rubuta masa wa'adin mayarwa a rasit, ya tambayi lambar ƙwan da ke ciki da inda ake samunsa, ya kuma tabbata a garinsu akwai wanda ya iya gyaransa. Irin dattijon nan sun yi ƙaranci, kuma yawancinsu ba su da almajirai. Makarantun koyon sana'a na jihohi za su yi abin kirki in suka nemo su, suka zaunar da matasa a gabansu tun suna da ƙarfin riƙe ƙarfen darma.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai, filin zai duba yadda ake wanke tsohon faifai da adana shi a lokacin zafi.